Ruwan Salansa

Ƙarfe biyar na asuba a Aberdeen.
Gine-gine launin toka, sama ma haka,
tsuntsayen teku na cacar baki a rufin gareji
kamar 'yan kamasho a tasha.

An kunna bas mai hawa biyu, ban ji ba.
Ni da na tashi a Kakuri,
inda injin tirela ke gaishe ka tun daga kwana,
yau sai na kara kunne a jikin ƙarfe
kamar ungozoma mai neman motsin ɗa.

Murdo ya ce, "Sadisu, tara hannu a salansa."
Na ce, "Tsoho, ba ni da hannun aro."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Na tara.
Ɗis.
Ɗis.
Ruwa mai ɗumi ya taru a tafina,
bai kai na kurkurar baki ba,
amma ruwa ne.

Haidirojin na ɗaure a tulunan baya,
iskar da muke shaƙa ta shigo ta gaba,
suka gaisa ta bayan wani siririn labule,
ba ashana, ba gobara, ba tashin murya.
Lantarki ya wuce wajen tayoyi,
ruwa ya sauko wajena.

Baba Tanimu, da kana nan da ka ce siddabaru ne.
Shekara arba'in kana kwance ƙarƙashin manyan motoci,
baƙin mai ya zauna a farcenka har ranar wankan gawa.
Kakinka baƙi ne, muna gani, muna kau da kai,
don da shi muke cin tuwo.

Murdo ma ɗan mai ne.
Talatin ya yi a tsakiyar teku yana haƙo shi,
yatsa ɗaya ya bari can.
Ya ce, "Ba na tofa yawu a rijiyar da na sha.
Amma gaya min, wannan iskar taku, ina aka samo ta?
In daga gas aka tatso,
hayaƙi bai mutu ba, gida ya sauya."

Na ja shi bakin ƙofa.
Can cikin hazo, fankoki na tsaye a ruwa har gwiwa,
suna juya hannu a hankali kamar masu tuƙin tuwon biki.
Na ce, "In wutar waɗancan ce ta raba ruwa biyu,
to ruwa muka ranta, ruwa muka biya."
Ya ce, "In. Kuɗin fa?"
Na yi shiru.
Na tuna sanyin bara, da famfon cikawa ya ƙi,
motocin nan suka yi sahu kamar masu zaman makoki,
muka tashi tsofaffin masu dizal,
suka fito suna kaki,
su suka kai mutane aiki.

Ban ce an gama ba.
Tsiro ne, akuya na iya cinye shi.

Amma jiya na hango Nuratu a bakin titi,
jakar makaranta ta fi ta faɗi,
maganin asma a aljihun hagu inda uwarta ke sa mata.
Bas ta tashi a gabanta.
Ba ta toshe hanci ba,
ba ta ma san an yi wani abu ba,
hira take da ƙawarta.

Da yamma matata ta juya hannuwana,
ta ce, "Anya aiki ka je?"

Yau da na koma ɗauko sifana,
na tarar da Murdo durƙushe bayan mota,
yana zaton ba kowa,
ya tara hannunsa mai yatsu huɗu,
yana jira.